Land Rover: Motar da Aka Ƙera Domin Inda Babu Kwalta

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titunan unguwar Nassarawa GRA a birnin Kano, kamar Titin Sakkwato ko Titin Audu Baƙo, ba zai daɗe ba sai ya ga wata babbar mota mai tsawo da manyan tayoyi tana fitowa daga wani gida. Jama'a kan kira irin wannan mota da suna jif, ko da kuwa wane kamfani ne ya ƙera ta. Abin da zai ba mai lura mamaki shi ne, an tsara waɗannan motoci ne domin ratsa yashi da taɓo da duwatsu, amma ga su sun tare a unguwar da tana cikin waɗanda suka fi ko'ina shimfiɗaɗɗiyar kwalta a jihar. Me ya kawo haka?

A wannan darasi za mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan motoci, wato Land Rover, wadda iyayenmu suka fi sani da Landiroba, mu bi tarihinta, mu kuma duba kimiyyar da ke cikinta. Manufar ita ce ɗalibi ya gane cewa kowane sashe na jikin wannan mota amsa ce ga wata matsala ta hanya, kuma abin da ya zama alheri a daji yana iya komawa haɗari a kan kwalta.

Asalin Motar

Labarin ya faro ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1940 rundunar sojan Amurka ta nemi a ƙera mata wata 'yar ƙaramar mota mara nauyi wadda injinta zai riƙa juya tayoyinta huɗu gaba ɗaya. Kamfanonin Willys da Ford suka ƙera fiye da 600,000 kafin ƙarshen yaƙin a 1945. Wannan ita ce Jeep, kuma daga sunanta muka samo kalmar jif, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu omo.

Bayan yaƙi, kamfanin Rover na Ingila ya shiga tsaka mai wuya. Sana'arsa ita ce ƙera motocin alfarma, ga shi mutane ba su da kuɗin saye. Bugu da ƙari, ƙarfe ya yi ƙaranci, har gwamnati ta koma rabon sa, tana fifita kamfanonin da ke sayar da kayansu a ƙasashen waje su kawo kuɗin shiga. Babban mai tsara motocin kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey, inda yake aiki da wata tsohuwar Jeep ta soja. Shi da wansa Spencer Wilks, wanda ke shugabantar kamfanin, suka yi tunanin ƙera wa manoma mota irin wannan, wadda za ta yi aikin tarakta a gona, ta kuma kai amfanin gona kasuwa. Ta gwaji da aka haɗa a 1947 a kan ƙashin Jeep aka ɗora ta, kuma sitiyarinta a tsakiya yake kamar na tarakta.

An nuna Land Rover ga duniya ranar 30 ga Afrilu, 1948, a bikin baje kolin motoci na Amstadam, a ƙasar Holan. Kuɗinta fam 450 ne. Tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya inci 80 ce, injinta kuwa mai lita 1.6 ne, da ƙarfin doki kamar 50. Tana da wani sandan juyi da ake haɗawa da injin ban ruwa ko zarto ko wasu na'urorin gona. Da yake ƙarfe ya yi wuya, sai aka yi jikinta da alminiyam, wanda ya wadata saboda an rage ƙera jiragen yaƙi. Hatta koren fentin da aka shafa wa na farko, ragowar fentin soja ne. Kamfanin ya ɗauka zai yi ta ne na ɗan lokaci kafin kasuwa ta farfaɗo, amma cikin 'yan shekaru sai ta fi sauran motocinsa ciniki. Hausawa na cewa abin da ka raina shi kan tsone maka ido.

Daga nan sai sababbin samfura suka yi ta biyo baya daga masana'antar Solihull. An fito da mai amfani da man dizal a 1957, samfuri na biyu a 1958, na uku kuma a 1971. Akwai gajera mai inci 88, da doguwa mai inci 109. A 1970 aka fito da Range Rover, wadda ta haɗa ƙarfin shiga daji da daɗin zama. A 1976 adadin waɗanda aka ƙera ya kai miliyan ɗaya. Sunan Defender kuwa sai a 1990 aka laƙaba wa jikanyar ta farko.

Zuwanta Ƙasar Hausa

Domin mu fahimci darajar wannan mota a wurinmu, sai mun tuna yadda tafiya take kafin zuwanta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun kafa mazauninsu a wajen ganuwa, wajejen Nassarawa da Bompai. A nan Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma gidansa yana nan har yau. Shi wannan Bature, a 1906 da ayarin raƙuma ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, tafiyar da ta ci watanni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma jirgi layinsa kawai yake bi. Wanda zai shiga ƙauyuka sai doki ko jaki ko ƙafa. Hanyoyin mota da aka yi daga baya yawancinsu na burji ne, wasu ma na rani ne kurum, da zarar damina ta sauka sai rafi ya yanke su.

A cikin wannan hali Land Rover ta iso, kuma a shekarun 1950 da 1960 ta zama motar aikin gwamnati da ta En'e. Da ita Di'o ke fita rangadi. Ita ke ɗaukar malaman gona da malaman asibiti da 'yan sanda da masu duba makarantu. Motocin majigi da ke zuwa ƙauyuka suna nuna hotuna a kan farin ƙyalle da dare, da yawansu irinta ne. Likitocin dabbobi ma sun dogara da motocin daji irin wannan wajen isa ga makiyaya. Alal misali, a Kano aka yi taron 1961 wanda ya tsara gagarumin aikin rigakafin cutar bushiya a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, aka kuma fara aikin a 1962. Allurar rigakafi ba ta da amfani in ba ta isa rugar da shanu suke ba, kuma babu kwalta zuwa ruga.

Saboda haka a idon mutanen karkara Landiroba ta zama alamar hukuma. Ƙurarta daga nesa tana iya nufin magani ya zo, tana kuma iya nufin an zo kama wani ko an zo batun haraji. Tsofaffin da suka shigo kafin 1972 sitiyarinsu a dama yake, domin sai ranar 2 ga Afrilu na wannan shekara Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. A ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta aka riƙa yi a masana'antar Leyland da ke Ibadan, a zamanin da Peugeot ke harhaɗa motocinta a Kaduna, ake kuma harhaɗa manyan motocin Fiat a nan Kano.

Kimiyyar da Ke Cikinta

Yanzu sai mu tambaya: me ya sa take wucewa inda wasu ke kafewa? Za mu duba dalilai biyar.

Na farko shi ne jan tayoyi huɗu. Mota tana tafiya ne saboda gogayyar da ke tsakanin taya da ƙasa. Taya tana tura ƙasa baya, ƙasa kuma tana tura taya gaba. Iyakar wannan turi ya danganta da abu biyu: irin ƙasar, da kuma nauyin da ke kan tayoyin da injin ke juyawa. Mu ɗauki mota mai nauyin kilogiram 2,000, wato tana danna ƙasa da ƙarfin niyuton kamar 20,000. A ce rabin nauyin yana gaba, rabi yana baya, kuma a ce a cikin taɓo ƙasa ba ta iya ba da turin da ya wuce kashi 3 cikin 10 na nauyin da ke kanta. Idan tayoyin baya kaɗai ke ja, turin ba zai wuce niyuton 3,000 ba. Idan kuwa duka huɗun ke ja, zai kai 6,000. Injin bai ƙara ƙarfi ba ko kaɗan, amma an ninka riƙon da motar ta yi wa ƙasa.

Na biyu shi ne ƙaramar giya. Bayan giyabos na yau da kullum, wannan mota tana da wani akwatin giya na biyu, wanda ke raba juyi tsakanin farfelar gaba da ta baya. A cikinsa akwai giya mai rage gudu fiye da ninki biyu, ta kuma ƙara ƙarfin murɗa taya da gwargwadon haka. Duk wanda ya taɓa hawan tudu da keke mai giya ya san wannan: ƙafa tana juyawa da yawa, keke yana tafiya a hankali, amma hawan ya yi sauƙi. Ƙa'idar kimiyya ita ce, abin da aka samu ta fuskar ƙarfi an biya shi ta fuskar gudu. A tsofaffin samfura direba na da sanda mai jan kai domin shiga ƙaramar giya, da wani maɓalli rawaya da ake dannawa domin sa tayoyin gaba su fara ja.

Na uku shi ne na'urar da kanikawa ke kira difaranshal. Idan mota ta sha kwana, tayar waje tana yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. A ce faɗin da ke tsakanin tayoyin mita 1.5 ne, motar kuma ta yi juyin rabin da'ira domin komawa inda ta fito. Tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da 3.14 sau 1.5, wato kamar mita 4.7. Difaranshal ita ce ke barin kowace taya ta juya da gudun da ya dace da ita. Sai dai tana da aibi guda. Kullum ƙarfi daidai wa daida take ba tayoyin biyu, don haka in ɗaya ta faɗa cikin santsi tana juyawa a banza, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ba za ta samu abin da ya fi na 'yar'uwarta ba. Wannan ne ya sa muke ganin mota ta kafe taya ɗaya tana ta watsa laka, ɗayar tana tsaye cik. Maganin abin shi ne kulle difaranshal. A tsofaffin Land Rover babu irin wannan na'ura tsakanin gaba da baya, in an sa jan huɗu to an ɗaure su wuri ɗaya. Wannan yana da kyau a yashi, inda taya ke iya zamewa kaɗan. A kan kwalta kuwa, inda babu zamewa, sai ƙarafan su yi ta murɗe juna har wani ya karye. Range Rover ta 1970 ta zo da difaranshal ta tsakiya wadda direba ke iya kullewa da buɗewa.

Na huɗu shi ne matsi a kan yashi. Matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka. Raƙumi ba ya nutsewa a rairayi saboda tafin ƙafarsa mai faɗi ne, yana kuma bajewa in ya taka. Direbobin da ke bin tuddan rairayi na arewacin Yobe ko hanyar Agadas sun koyi wannan darasi, shi ya sa suke rage iskar taya kafin su shiga yashi. A motar da muka yi misali da ita, kowace taya tana ɗauke da niyuton 5,000. Idan matsin iskar da ke ciki niyuton 25 ne a kan kowane murabba'in santimita, to wurin da tayar ta taɓa ƙasa zai kai kimanin murabba'in santimita 200. In an rage iskar zuwa rabi, wurin zai doshi 400, sai tayar ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Amma wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana yin zafi in ana gudu, har ta fashe.

Na biyar shi ne ƙirar jiki. An ɗaga cikin motar sama domin kada ya daki dutse ko tudun da ke tsakiyar hanya, an kuma kai tayoyin kusa da ƙarshen jiki domin hancinta ko bayanta kada su tokari gaɓar rafi. Ƙashinta na ƙarfe ne mai siffar tsani, jikin kuma an ɗaure shi a kai da noti. Alminiyam ɗin da larura ta sa aka yi amfani da shi sai ya zama riba biyu. Nauyinsa giram 2.7 ne a kowane santimita mai fuska shida, na ƙarfe kuwa kamar 7.8, wato kusan ninki uku. Sa'an nan in iska ta taɓa shi, wata siririyar fata ce ke rufe shi ta hana lalacewar shiga ciki, saɓanin tsatsar ƙarfe da ke ɓarewa tana ci gaba da ci. Duk da haka ƙashin na ƙarfe yana tsatsa, kuma inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe a cikin danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Ɗaliban kimiyyar sinadarai za su tuna da wannan a darasin batir.

Abin da Ya Sa Masu Ita Ke Son Ta

Tsohuwar Land Rover ba motar jin daɗi ba ce. Tana da ƙara, kujerunta ba su da taushi, ƙura tana shiga, ga ɗigar mai, ba ta kuma da gudu. To me ya sa masu ita ke riƙe ta shekara da shekaru?

Babban dalili shi ne sauƙin gyara. Kusan kome a jikinta da noti aka ɗaure, ana iya kwance ƙofa ko rufi ko gilashin gaba da sifana. Fatun jikinta shimfiɗaɗɗu ne, maƙeri yana iya miƙar da wanda ya lotsa. Injinta ba shi da kwamfuta, bakanike mai kunne yana gane ciwonsa daga sautinsa. Kayan samfuri ɗaya sau da yawa suna shiga wani, don haka motar da ta mutu takan zama rumbun kayan gyaran 'yan'uwanta, sana'ar da masu kasuwar Ƙofar Ruwa suka ƙware a kai. Mutumin da ke nisan kilomita ɗari daga gari ya fi bukatar motar da zai iya gyarawa a gindin bishiya a kan wadda sai an kira ƙwararre.

Dalili na biyu shi ne yawan amfani. Mota guda tana iya zama ta ɗaukar marasa lafiya, ko ta jan wadda ta lalace, ko ta kai taki gona. Har yau a wasu garuruwa akan ga tsohuwar Landiroba da aka ɗora wa ƙugiya tana janye motocin da ba su kai rabin shekarunta ba.

Dalili na uku ba na kimiyya ba ne, na zuciya ne. Motar da mutane suka fara gani a hannun Razdan da Di'o da manyan ma'aikata ta ɗauki kwarjinin masu ita. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa a 1960, gidajen Nassarawa suka koma na manyan ma'aikata da attajirai, sai kwarjinin babbar mota ya bi gidajen. Mai zama a cikinta yana sama, yana hangen hanya, yana kuma jin cewa babu ramin da zai tsayar da shi. Kamfanin ya gane haka, shi ya sa Range Rover ta tashi daga motar manomi mai kujerun roba da ake wankewa da ruwa, ta koma motar alfarma mai kujerun fata.

Yadda Toyota Ta Karɓe Daji

In mai karatu ya je ƙauye a yau, da wuya ya ga Land Rover tana aikin da aka san ta da shi. Abin da zai gani shi ne Toyota. Wannan kamfani na Japan ya fito da tasa motar daji a 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, sa'an nan ya kawo Hilux a 1968. A shekarun 1970 masana'antar motoci ta Ingila ta faɗa cikin rikicin yajin aiki da ƙarancin jari, ingancin aiki ya ragu, kuma Land Rover ta daɗe ba ta sami wani babban gyara ba. Su kuwa Japanawa sai suka kawo mota mai ƙarfin inji wadda ba ta yawan lalacewa, suka kuma tabbatar kayan gyaranta suna samuwa. Direba ya ga bambanci tsakanin motar da ke da sauƙin gyara da wadda ba ta cika bukatar gyaran ba, ya zaɓi ta biyu. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka bi sahu. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a garin Fada da wasu wurare suna kan a-kori-kura na Toyota, har aka riƙa kiran wannan yaƙi da sunan kamfanin.

A Nijeriya kuma, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira. Da yake masana'antunmu harhaɗawa kawai suke yi, kusan kowane sashe daga waje ake shigo da shi, sai kuɗin kayan ya fi ƙarfinsu, yawancinsu suka durƙushe. Shi kansa kamfanin Land Rover ya yi ta sauya hannu: BMW na Jamus ya saye shi a 1994, Ford na Amurka a 2000, sa'an nan Tata na Indiya a 2008. An ƙera tsohuwar Defender ta ƙarshe a Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an yi fiye da miliyan biyu na wannan zuriya cikin shekara 68. Sabuwar da aka nuna a 2019 a ƙasar Silobakiya ake ƙera ta, kuma cike take da na'urorin kwamfuta, ta yadda bakaniken bakin hanya ba shi da ta cewa a kanta sai da na'urar bincike.

Jif a Kan Kwalta

Mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Yawancin jif ɗin da ke birni ba su taɓa shiga ƙaramar giya ba. Mai ita yana biyan kuɗin ɗaukar nauyin ƙarafan da ba ya amfani da su, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wannan kuɗi ya ƙara fitowa fili. Wannan dai asarar aljihu ce. Akwai wadda ta fi ta.

Kowane abu yana da cibiyar nauyi, kuma yana kifewa ne idan layin da ya sauko daga wannan cibiya ya faɗa wajen ƙafafunsa. Tsawon da ke hana jif dukan dutse shi ne kuma ya ɗaga cibiyar nauyinta sama. Injiniyoyi suna auna wannan ta hanyar raba faɗin da ke tsakanin tayoyi da ninki biyu na tsawon cibiyar. Mota mai faɗin mita 1.5 da cibiya a mita 0.5 za ta ba da 1.5. In cibiyar ta hau zuwa mita 0.7, sakamakon zai sauko zuwa kamar 1.07. Ƙanƙantar wannan lamba na nufin sauƙin kifewa. Saboda haka direban jif da ya fizgi sitiyari da gudu domin kauce wa rami ko akuya ya fi mai ƙaramar mota kusa da wuntsilawa, kuma lodin kaya a kan rufi yana ƙara tsananta abin.

Kuskure na biyu da direbobi ke yi shi ne zaton cewa jan tayoyi huɗu yana taimakon birki. Kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki. Jan huɗu yana taimakon tashi da hawa, amma ba ya rage nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ƙarfin motsi kuwa rabin nauyi ne sau gudu sau gudu. Mota mai kilogiram 2,500 tana ɗauke da ninki biyu na ƙarfin mai 1,250 in gudunsu ɗaya, in kuma aka ninka gudu sai ƙarfin ya ninka huɗu. A titunanmu da yara 'yan makaranta da masu babur da masu a-daidaita-sahu ke cuɗanya da motoci, wanda ke waje shi ke karɓar wannan ƙarfi. Doguwar gaban jif tana dukan babba a ƙirji, tana kuma iya ɓoye ƙaramin yaro daga idon direba gaba ɗaya.

Kammalawa

Mun ga cewa Land Rover ta samu ne daga ƙarancin ƙarfe da bukatar manomi, ta yi suna saboda ta dace da hanyoyin da ake da su da kuma kanikawan da ake da su, ta kuma rasa kasuwar daji lokacin da wani ya fi ta biyan wannan bukata. Darasin ga ɗalibin da ke son zama injiniya shi ne, ana fara ƙira ne daga tambayar wa zai yi amfani da abin, a ina, kuma wa zai gyara shi. Bukatar da ta haifi wannan mota ba ta gushe ba a ƙasarmu. Har yanzu akwai ƙauyukan da rafi ke yankewa a watan Agusta, inda mai naƙuda ke jiran abin da zai kai ta asibiti, inda tumatir ke ruɓewa kafin ya ga kasuwa. Mota mai araha, mai sauƙin gyara, wadda za a ƙera yawancin sassanta a nan gida domin irin waɗannan hanyoyi, aiki ne da ke jiran waɗanda ke zaune a aji yanzu.

Aikin Aji

1. Mota mai kilogiram 1,600 tana da kashi 60 cikin 100 na nauyinta a kan tayoyin gaba. In ƙasa na ba da turin kashi 3 cikin 10 na nauyin da ke kanta, lissafa iyakar turin idan tayoyin gaba ne ke ja, da idan na baya ne, da kuma idan duka huɗun ne.

2. A sami bulo da faffaɗan katako. A kwantar da bulon a kan katakon, a tokare gindinsa da siririn itace don kada ya zame, a riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har ya kife. A sake gwadawa bulon yana tsaye. A auna kusurwar a kowane gwaji, a bayyana dalilin bambancin.

3. A zuba yashi a faranti. A ɗora bulo ɗaya a kan faffaɗan gefensa, sa'an nan a kan siririn gefensa. A auna zurfin sawun, a danganta shi da abin da direbobin hamada ke yi wa tayoyinsu.

4. Malami ya jagoranci ɗalibai zuwa garejin da ke kusa, su roƙi bakanike ya nuna musu cikin difaranshal. A ɗaga bayan mota mai jan baya, a juya taya ɗaya da hannu, a rubuta abin da ɗayar ta yi.